Shekarar da Na Ƙi Kunun Iya

Tun kafin in san mene ne aure nake danna ƙafata da babban yatsa. Da safe in na tashi, kafin ma in yi alwala, sai in kai hannu kan ƙwaurina in danna, in ɗaga yatsan, in tsaya ina kallo. In naman ya taso ya cike gurbin, sai in yi hamdala in miƙe. Ba wanda ya koya mini wannan. A ƙafar Innata na koya, a Ngaundere, ina 'yar shekara tara, lokacin da ta haifi autanmu. Tana kwance tana jego, ƙafafunta sun yi suntum kamar an hura su, ni kuwa ina wasa da su. In danna, rami ya zauna, in yi dariya, ita ma ta yi dariya tana haki. Ba ta yi arba'in ba. Manya suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa, amma ni ramin nan na riƙe, na taho da shi har Yawunde.

Bana na kai shekarun da ta rasu a cikinsu, kuma ba ta bar mana ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa na karɓi ragowar littafin makarantar Ummi nake wannan rubutu. Karatuna bai wuce aji uku ba, sai abin da na ƙara a makarantar matan aure, saboda haka yadda nake magana haka zan rubuta. Ummi, Habibu, da ku nake. Na san abin da kuke tsinta a tsakar gida da wajen suna: wai uwarku ce ta raina abincin kakarku, wai har na ce ta sa mini wani abu a kunu. Ban faɗa ba. Amma na yi abin da ya sa aka ce na faɗa, kuma gara ku ji shi daga gare ni.

Gidan da aka kawo ni a unguwar Briketeri gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Babanku yana sammako zuwa kwata a Etudi, ya dawo da nama wajen hantsi, da la'asar ya hura tukubarsa a bakin titi, inda mutanen gari ke tsayar da motoci suna layin soya, wato tsire. Tukunya ɗaya ce a gidan, kuma ta Iya ce, mahaifiyarsa. Mu matan 'ya'yanta muna daka, muna yanka albasa, muna tuƙa tuwo, amma gwangwanin gishiri da ledar dunƙulen magi a ɗakinta suke kwana. In miya ta tafasa sai ta fito, ta ɗebo da hannu ba awo, ta watsa, ta ɗanɗana a tafinta, ta ce, “Yanzu ta zama miya.” Ba mugunta ba ce. Da na zo gidan ina marainiya, siririya kamar sillen kara, ita ce ta riƙa tura mini tsoka a ɓoye tana cewa kada a ce matar mahauci ta fi wuƙarsa sirantaka. Ban taɓa jin ɗumin uwa ba bayan Innata sai a wurinta.

Abin da aka fi sanin Iya da shi a unguwa shi ne jego. Duk wadda ta haihu daga layinmu har gangaren masallaci, sai an aiko a ce Iya ta taimaka da kununta. Jar kanwa ake kawo mata daga arewa a jirgin ƙasa, ta jiƙa ta a wata tsohuwar randa, ta dama kunu da gero da kayan yaji, mai kauri, mai zafi, wanda in kin sha sai gumi ya keto miki har tafin ƙafa. Ana cewa yana kawo nono, yana wanke ciki, yana mayar da ƙarfi. Ba ta karɓar ko sisi. Ladanta shi ne ranar suna ta zauna a kan tabarma, mata su riƙa nuna maijego suna cewa, “Kai, wannan hannun Iya ne, dubi wuya.” Jegona na Ummi haka aka yi shi, na fito na yi ɓulɓul, ba abin da ya same ni. To me zan ce a na biyu?

Da na haifi Habibu, tun ranar aka ɗora. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kwano guda da sassafe, wani da hantsi, wani da la'asar. Gasasshen nama da babanku ke aikowa an barbaɗe shi da yaji da gishiri, ga romon ƙafar saniya da dunƙule ya ji. Bayan suna da 'yan kwanaki na fara jin kaina yana sarawa ta ƙeya. In na taka 'yar matakalar bayi sai in tsaya ina neman numfashi kamar na ɗauko buhu daga kasuwar Mokolo. Wata safiya na danna ƙwaurina, na ɗaga yatsa. Ramin ya zauna. Na zuba masa ido, na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, yana nan. Na ja zane na rufe, ban gaya wa kowa ba.

Ranar awon jariri ce ta tona ni. Maijego ba ta fita, amma awo dole ne, sai aka haɗa ni da maƙwabciyarmu Hajja Dudu, wata Bafulatana mai jiki wadda ita ma take zuwa karɓar magani, muka shiga taksi zuwa ƙaramin asibitin da ke wajen unguwar Site Bert. Malamar asibitin ta auna Habibu, ta rubuta a kati, sannan ta ɗago ta dubi fuskata, ta dubi ƙafata da ta ƙi shiga silifa. Ta ɗaura mini abin awo a hannu. Ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Faransancina na kasuwa ne, amma na ji lambar da ta faɗa, na kuma ga yadda ta ajiye biro. Hajja Dudu ce ta riƙa juya mini maganar. Wai jinina ya hau sosai, abin da suke ce wa tansiyo, kuma ruwa ya fara taruwa a jikina, zuciya tana wahala. Ta tambayi abin da nake ci, na lissafa. Da Hajja ta yi mata bayanin kanwa, sai ta dafe kai. Ta ce in bar kanwa gaba ɗaya, in bar dunƙule, gishiri kuwa sai abin da ba a rasa ba. Ta rubuta magani, ta ce in dawo bayan mako.

“Tana tambaya, za ki iya?” in ji Hajja.

“Ki ce mata ni ba ni da tukunya.”

Malamar ta saurara, ta yi wata gajeriyar magana.

“Wai tukunya ta wani ce, ta ji. To bakin fa, na wa ne?”

Na ce “To,” na sunkuyar da kai. A raina kuwa cewa nake, wannan ba ta san gidanmu ba. Bakin maijego ba nata ba ne. Na mai yi mata jegon ne, na jariri ne, na mutanen da za su zo ranar arba'in su duba wuya.

A hanyar dawowa, tun kafin mu sami mota, Hajja Dudu ta sayi gyaɗa mai gishiri a kwalba tana watsawa a baki.

“Ke yarinya, kada ki bari su firgita ki. Shekara nawa ina da tansiyon nan? Ga ni, ko ke ba ki fi ni cin tuwo ba. Likita ya ba da ƙwaya, to aikin ƙwaya ne. Sauran kuma na Mai Sama. Wanda bai ci gishiri ba ma mutuwa zai yi, sai dai ya mutu da baƙin ciki.”

Na yi dariya, kuma wallahi maganarta ta yi mini daɗi, don ta sauke mini kaya. In ƙwaya ce mai aiki, in kwana ne mai ƙarewa, to ba sai na buɗe baki a gaban Iya ba. Na dawo gida na ce an ce jinina ya ɗan hau, an ba ni magani. Iya ta ce gajiyar haihuwa ce, ta ƙara kanwa a kunun la'asar don in samu ƙarfi. Na karɓa hannu biyu na shanye.

Ina so ku gane wannan wurin, don a nan ne mutane ke yi wa marar lafiya gurguwar fahimta. Ba wai na yi niyya na kasa ba. Niyyar ma ban yi ba. Ba a ƙulla niyyar abin da aka tabbata hannu ba zai kai ba. Na ji tsoro ƙwarai, tsoro har ya hana ni jin ɗanɗanon naman da nake taunawa, amma tsoro daban, niyya daban. Shekarun nan da na yi ina zama a bencin asibitin nan ina kallon mata, na ga abin a wurin wasu ma. Wadda ludayin gidanta ke hannunta, in an ce ta rage gishiri, sai ka ji ta ce, “To da me zan maye shi?” Wadda ba ya hannunta kuwa “To” kawai take cewa, irin tawa, ta naɗe takarda ta cusa a jaka. Kwana shida ina haɗiyar ƙwaya ina kora ta da kunun kanwa. Ranar komawa ta zo, na ce ruwan sama ya hana ni.

Ummi, ke ce kika tashe ni, kina 'yar shekara uku, ba ki sani ba. Da rana ne, ina zaune bakin gado na miƙe ƙafafu ina ba Habibu nono. Kika shigo da 'yar tsanarki, kika zauna a ƙasa, kika kai ɗan yatsanki kan ƙafata kika danna. Rami ya zauna. Kika ƙyalƙyale da dariya, kika sake dannawa a gefe.

“Mama, dubi! Ƙafarki kamar tuwo!”

Ban san lokacin da na janye ƙafar ba, har kika tsorata kika fashe da kuka. Na ga ɗakin Ngaundere, na ga gadon, na ga kaina a ƙasa. Sai dai wannan karon ni ce a kan gadon.

Da a ce ina da wayo ko ƙarfin hali, da ɗakin Iya na nufa a lokacin. Amma na duba duk abin da ke shiga bakina, na nemi wanda hannuna zai iya kaiwa ba tare da na yi magana ba, sai na ga kunun hantsi da na la'asar. Na safe Iya takan zauna sai na shanye, amma sauran biyun ajiyewa take ta koma wajen girki. Washegari na ɗauki kwanon, na rufe shi da gefen mayafi, na nufi bayi don in tuttular a lambatu. A lungun bayin akwai ragon da babanku ya sayo a karar Etudi yana kiwo saboda Layya. Ina wucewa ya miƙo wuya ya cusa baki a kwanon. Kun san dabba da kanwa. Kafin in ankara ya shanye, yana lasar gefe. Na ce a raina, shi ke nan ma, ba a yi almubazzaranci ba.

Kwana biyar muna haka ni da shi. Kullum ina leƙen labule in ga ko tsakar gida ba kowa. Abin da ban lissafa ba shi ne rago ba ya riƙe sirri. Ya gane ni. Ko alwala na fito yi sai ya miƙe yana kuka yana fizgar igiya, sauran mutanen gida kuwa ko kallonsu ba ya yi. Kuma na manta Iya matar mahauci ce, uwar mahauta, wadda ke duban dabba ta faɗi abin da ta ci jiya. Ranar ta shida da hantsi na fito da kwano a ƙarƙashin mayafi, na iske ta tsaye a lungun, ta riƙe haɓar ragon, tana kankare busasshen kunu daga gashin bakinsa da farce.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo hannu, na ba ta kwanon. Ta fito da shi tsakiyar gida, inda matan yayyen babanku ke tsintar shinkafa, ga wata baƙuwa da ta zo barka. Ta yi bisimilla a fili, ta kafa kai, ta shanye kunun nan tas, ta kife kwanon a ƙasa.

“Ga shi na sha a gabanku. In akwai abin da na sa a ciki, ni zai kama.”

“Iya, wallahi ba haka ba ne…”

“Da kin zubar a lambatu, sai in ce ƙoshi ne. Amma dabba kika ba, ki ga ko za ta faɗi. Ni, Zulai? Ni da na karɓe ki ba uwa?”

Sai a lokacin na ga abin da idon kowa ya gani. A wurinmu ba a gwada abincin mutum a kan dabba sai in ana zarginsa da sammu. Ni tunanin bai taɓa zuwa mini ba, amma wa zai yarda? Baƙuwar nan ta yi sallama da wuri, kafin azahar magana ta kai gangaren masallaci. Iya ta shiga ɗaki ta saki labule. Ranar miyar gidan ba wanda ya sa mata gishiri, don ba wanda ya isa ya shiga ya ɗauko gwangwanin, kuma ba wanda ya ci.

Ranar babanku bai shigo ba sai bayan azahar, rigarsa duk jini, an riga an tare shi da labari tun a zaure. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

“Me uwata ta yi miki?”

Sai na zauna, na yaye zane daga ƙafata, na kama hannunsa na ɗora a ƙwaurina na ce ya danna. Ya danna don ya rabu da ni. Ya ɗaga yatsa. Na ga fushin ya zube daga fuskarsa kamar an kwance shi. Ya durƙusa, ya danna ɗaya ƙafar, ya danna saman idon sawu, yadda na sha ganin yana yi wa cinyar sa kafin ya saya.

“Wannan ruwa ne,” in ji shi a hankali. “Tun yaushe?”

Na gaya masa komai, har da takardar da na ɓoye a ƙarƙashin katifa.

“A kwata in muka feɗe dabba muka ga ruwa ya kwanta mata haka, zuciyar nake fara dubawa. Takan yi laushi, ta saki, kamar tsumma.” Ya share fuska da tafinsa. “Naman da nake aiko miki, daga yau zan cire naki kafin in sa yaji. Wannan hannuna ne, zan iya. Gobe kuma ni zan kai ki asibiti. Amma Iya…”

“Kai za ka gaya mata. Ɗanta ne kai.”

“Shi ya sa ba zan iya ba. In na ce mata kununta ciwo ne, za ta ce matata ta juya mini kai, an gama. Ke ma kin sani, Zulai. Ke kika ga ƙafar mahaifiyarki, ba ni ba.”

Na ji haushinsa a ranar, na yi kuka na ce ya bar ni a rana. Yanzu na san iyakar hannunsa ya nuna mini, bai yi mini ƙarya ba. Na yi ta neman wanda zai ɗauki abin nan a madadina, ƙwaya, ƙaddara, rago, miji, kowa ya ɗauki abin da zai iya ya miƙo mini sauran. Sauran kuwa magana ce, kuma a bakina take.

Bayan la'asar na goya Habibu, na tsaya a ƙofar Iya na yi sallama sau uku kafin ta amsa. Tana kan sallaya da carbi, ba ta juyo ba. Na durƙusa, numfashina yana fita da ƙyar. Na ce na yi laifi, na ɓoye abin da bai kamata in ɓoye ba, ta yafe mini. Na ba ta labarin Innata tun daga farko, abin da ban taɓa yi ba, har wasan da nake yi da ƙafarta, har abin da Ummi ta yi mini. Na faɗi abin da malamar asibiti ta ce a kan kanwa da gishiri. Na ce ba kunun ne mugu ba, jikina ne ba ya ɗauka.

“Asibiti,” in ji ta. “Su da ba su san kanwa ba sai a miyar kuɓewa. Mata nawa na yi wa jego a unguwar nan? Tun ba a haife ki ba nake dama kunun nan. Ba wadda ta taɓa…”

Sai ta tsaya. Carbin ma ya tsaya. Na miƙa ƙafata gabanta, abin da ba a yi wa babba, na ce, “Iya, don Allah ki taɓa.” Ta daɗe kafin ta kai hannu. Ta danna. Muka zuba wa ramin ido ni da ita.

“Haka ƙafar Asabe ta yi,” ta ce, ba da ni take ba.

Daga baya na ji wace ce Asabe. Ƙanwar Iya ce uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta yi wa jego da hannunta shekaru masu yawa da suka wuce, ta rasu ana saura kwana kaɗan arba'in. An ce iska ce ta buge ta a wajen wanka. Ni ban san abin da ya kashe Asabe ba, Allah ne masani, kuma na sha gaya wa Iya haka. Amma na ga lokacin da tambayar ta shiga idonta, kuma ni na sa ta a ciki.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Washegari da muka dawo daga asibiti, an ƙara mini wata ƙwaya mai sa fitsari, na iske miya tana tafasa, Iya tsaye a kanta da gishiri a dunƙule cikin hannu. Ta ɗaga murya yadda duk gida zai ji.

“Ke! Zo ki ɗebi naki kafin in zuba gubar.”

Na zo da 'yar tukunyata, kunya kamar ƙasa ta tsage, na ɗiba. Haka ta riƙa kirana kullum, rana da yamma, wata da watanni, da kalmar nan. Kowace rana sai ta soke ni. Amma ku lura da abin da na lura: ba ta taɓa mantawa ba. Ko ina bayi, ko ina sallah, tana nan tsaye da gishirinta a hannu, miya tana ƙonewa, sai na zo.

Kada ku ɗauka daga nan abin ya zo da sauƙi. Miyar farko da na ci ba gishiri sai da na yi hawaye, kamar ruwan wanke kwano. Ina jin ƙamshin ta gida, yawuna yana tsinkewa. Sau biyu na saci loma daga kwanon Ummi, na kwana ina danna ƙafa. Amma yanzu 'yar tukunyar tawa ce, sai na fara tambayar da ban yi ba a asibiti: da me zan maye? Na ƙara daddawa, na daka citta da tafarnuwa, na soya albasa har ta yi ja, na matsa lemun tsami. Harshe ma ashe yana koyo, sai dai ba ya sauri. Kumburin ya sauka a hankali, har wata safiya na danna naman ya biyo yatsana. Ranar arba'in mata suka zo, suka dube ni a rame, suka dubi juna. Ba wadda ta ce hannun Iya ne.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Da matar mai ɗinkin layinmu ta haihu aka aiko neman kunu, Iya ta ce hannunta yana ciwo. Aka sake aikowa daga wani gida, ta ce kanwarta ta ƙare, alhali randar tana nan cike. Tun daga shekarar ba ta ƙara dama wa kowa ba. Ranar suna takan zauna a gefe, a gaishe ta a wuce. Mutane suka ce baƙin cikin zargin da na yi mata ne. Ni na san ba shi ba ne, ita ma ta san na sani, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na tsira da raina, ita ta rasa abin da ake kiranta da shi. In na ce wannan bai dame ni ba na yi ƙarya.

Yau shekara tara ke nan. Har yanzu ina shan ƙwaya, har yanzu ina zuwa awo, wani watan lambar ta yi kyau, wani watan ta ƙi ko da ban ci komai ba, don ba duka ne a hannuna ba, kuma ban ce ku ɗauka haka ba. In an kawo abincin biki nakan rasa yadda zan yi, wani lokaci in ci don kunya. Hajja Dudu tana nan da ranta, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, in na je gaishe ta takan ce da karkataccen baki, “Ke dai kin ji tsoro, 'yar nema.” Nakan ce e, na ji. Iya kuma ta tsufa, idonta ya yi rauni, gwangwanin gishiri yanzu a ɗakina yake kwana. Ni nake kiranta in miya ta tafasa ta zo ta ɗanɗana, in na cire nawa. Kalmar gubar nan ta daɗe da barinta. “'Yar nan, kin ɗiba?” shi ne kawai.

Habibu, shekarunka tara yanzu, daidai nawa a lokacin. Kullum da safe ina ganin ka kana leƙena ina danna ƙafa, ba ka tambaya. To ga amsar.

Abin da nake roƙonku ba shi da yawa. Duk wanda ya ce muku na zargi kakarku, ku ce ba haka ba ne, ku ce ita ce ta tsaya da gishiri a hannu tana jirana. Ku riƙa shiga ɗakinta kuna zama, in ta ba ku abu ku ci a gabanta. Ke kuma Ummi, in Allah ya kai ki ɗakin wani kika haihu, ko ina nan ko ba na nan, ki danna ƙafarki kowace safiya. In ramin ya zauna, ki je a auna ki a ranar. Sannan ki tafi wurin mai tukunyar, ko wace ce ita, ki durƙusa ki faɗa mata da bakinki tun a kwano na farko. Kada ki kai wa rago.